Kujera Ta Uku Zuwa Kwatano

"Inna?! Wace Innar?"

"Inna nawa gare ki, Zinariya? Innarki mana."

Na cire baƙin gilashin da nake gwadawa a gaban madubi, na juyo na kalli mijina. Kabiru yana zaune a bakin gado, takardar shirin tafiyarmu a cinyarsa, yana tauna murfin biro kamar bai faɗi komai ba.

Shekara shida da aurenmu, mafi nisan inda na taɓa zuwa Zariya ce, ita ma gaisuwar rasuwa. Shi kuwa atamfa da leshi yake sayarwa a kasuwar Gusau, sau biyu a shekara yake gangarawa Kwatano saro kaya. Kullum ya dawo sai labarin teku da bishiyar kwakwa da soyayyen kifi, har na gaji na ce ko dai ya kai ni ko ya daina tayar mini da rai. Bana ya ce to, idan an yi hutun makaranta.

Hutu ne na masu ƙaramin ƙarfi, mun kuma san haka. Babu jirgi, mota za mu bi ta ɓangaren Kebbi mu ratsa iyaka. Babu otal, abokin kasuwancinsa Alhaji Bawa ya ce akwai ɗakin baƙi a gidansa da ke unguwar Zango a Kwatano. Ni zan yi dambun nama da cincin da garin kunu, don kada abincin hanya ya cinye aljihu. Kabiru ya yi alkawarin ba zai leƙa kasuwa ba ko sau ɗaya. Kwana biyar, daga barci sai yawo bakin ruwa.

Ni kuwa na riga na cika ofishin malamai da labari. Malama Jamila da ta shekara tana nuna mana hotunanta na ƙasar waje, na ƙudurta sai ta ga nawa.

"Kujera guda ce kawai za mu ƙara," in ji Kabiru. "Alhaji Bawa ya ce ta kwana ɗakin uwargidansa."

"Mi yak kawo Inna cikin hutunmu? Kai da kac ce amarcin da ba mu yi ba za mu rama!"

"Za mu rama, masoyiyata. Amma ki saurare ni..."

"Ba ni saurare! Ka san Inna kuwa? Ƙwaryarta za ta ɗauko! Ta zauna ƙasa cikin mutane tana dama hura, ta ɗaura zanen nan nata baƙi. In ɗauki hoto da wa? In nuna ma wa?"

"Bara'atu, rage murya."

Idan ya kira sunana na gaskiya, to ransa ya fara ɓaci. Amma bakina ya riga ya tsinke.

"Matar da tun da tah haihe ni ba ta taɓa kiran sunana ba! Ko kallona ba ta yi! Ita za ni ɗauka in kai ƙasar mutane ta ba ni kunya? Wallahi in da ita, na hwasa!"

Daidai nan muka ji ƙarar ƙofar gida, a hankali, kamar wanda ya fita ba ya so a ji.

Kabiru ya miƙe zumbur. Na bi shi har ƙofar falo. Babu kowa a tsakar gida, sai 'yar ƙwarya rufe da faifai an ajiye ta a kan dakali. Ko a cikin ƙwarya dubu zan gane ta Inna, saboda ɗinkin da ke bakinta. Na ɗaga faifan, man shanu ne sabo, har da shatin yatsun da suka mulmula shi.

Na zauna a ƙasa.

Kabiru ya tayar da babur ya nufi tashar motocin Tsafe, garin da Inna take zaune, ko takalmin kirki bai tsaya sakawa ba.

Ni 'yar fari ce. A rugarmu da ke bayan 'Yandoto, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta ƙura masa ido a gaban mutane. Kunya ce, kuma mace tana alfahari da ita. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata. Inna tana bukkar da ke kallon tamu, amma ni a bakinta "waccan" ce, bayan na yi aure na zama "mutanen Gusau". Idan tana da saƙo gare ni, saniya take gaya wa. Sai ta tsuguna tatsar nono ta ɗaga murya: "Bale, gaya ma wasu su sa riga, sanyi akai." Ni kuma in ruga in sa.

Ina ƙarama abin dariya yake ba ni. Da na shigo birni karatu na ga iyayen ƙawayena suna rungume su suna kiransu da sunaye masu daɗi, sai abin ya koma mini ciwo. Kaina ya san al'ada ce, zuciyata ta ƙi yarda.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Kabiru. Ina aji biyu a kwalejin horon malamai, Inna ta zo bakin get da ƙwarya a ka. Ina tare da ƙawaye. Ɗaya ta ce, "Bara'atu, kin san ta ne? Ke take kallo." Na ce, "Mai kawo muna nono ce." Inna ta ji. Ta sauke ƙwaryar, ta kalli ƙasa ta ce, "'Yan makaranta, a sayi nono?" Ta auna mini ludayi uku, ta karɓi kuɗina kamar na kowa. Da na koma ɗaki na tarar da kuɗin a ƙulle cikin ledar furar.

Shekara tara ke nan. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma na binne ta. Yau ga shi na sake, wannan karon da babbar murya.

Kabiru ya dawo gab da magariba, shi kaɗai.

"Motar ta tashi kahin in kai."

"Mi yak kawo ta Gusau?" na tambaya.

"Asibitin ido. Yau ne zuwanta na huɗu."

"Asibiti? Na huɗu?!"

Ya zauna a kan dakali, nesa da ni kaɗan. Ya ce ƙanena Umar, wanda Inna take zaune gidansa a Tsafe tun da suka baro ruga, shi ya same shi a shago wata biyu da suka wuce. Idon Inna na hagu ya riga ya tafi. Na dama ma likita ya ce magani jinkiri kawai zai yi, da wuya ya kai baɗi. Ita ta hana a gaya mini.

"Da taj ji labarin tahiyarmu, sai tat tambayi Umar ko motar tana da wuri," in ji shi. "Inna hwa, Bara'atu! Matar da ko ruwan gidana ba ta sha a gabana. Kin san nauyin da tad danne kahin ta hwaɗi haka?"

"Don mi ba ka gaya min ba?"

"Shi nike shirin yi kika hana ni." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Ina son ki, Allah ya sani. Amma yau na ji kunyar abin da yaf fito bakinki."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku ina zuwa makaranta kamar an zare mini laka. Malama Jamila ta tambaye ni ko na sayi hular rana, na ce mata kaina ke ciwo. Kabiru yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, amma "Zinariya" ta ɓace daga bakinsa. Takardar shirin tafiya tana nan a kan madubi, ya rubuta "kujera uku", ya soke, bai rubuta komai a madadinta ba. Sau goma ina ɗaukar waya in kira Umar, sau goma ina ajiyewa. Me zan ce? A ba Inna in ce mata me?

Ranar Asabar da safe na wanke ƙwaryar, na naɗe ta a ɗankwali. Kabiru ya gan ni, bai tambaye ni ina za ni ba. Ya dai ɗauko makullin babur ya kai ni tasha, har ya tsaya sai da motar ta cika.

Na tarar da Inna a gindin dalbejiya tana tsince wake. Da ban sani ba da ba zan lura ba: da yatsu take tsincewa, idon yana wani wajen. Amina matar Umar tana wanke-wanke, maƙwabta biyu suna zaune a tabarma.

Na durƙusa. "Inna, ina kwana?"

"Lahiya lau. Mutanen Gusau ne? Ya hanya, ya mai gidan?" Ta faɗa tana kallon farantin wake, muryarta sumul kamar ba abin da ya faru.

"Inna, na zo ne... maganar ranar nan..."

"Amina, kawo ma baƙuwa ruwa."

Ta miƙe, ta dafa bango, ta shige ɗakinta ta saki labule.

Umar ya ja ni zaure. Ƙanena ne, amma ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

"Ta ce ta hwasa, Adda. Ta ce tsohuwa ba ta da abin yi bakin teku."

"Ta gaya maka abin da taj ji?"

"Ba ta ce komi ba. Amma tun da tad dawo ba ta taɓa hura ba." Ya rage murya ya ce, "Kin san abin da tat tambaye ni tun farko? Ba ta tambayi nisa ba, ba ta tambayi abinci ba. Cewa ta yi, garin nan da mijin waccan ka zuwa, akwai wanda yas san mu can? Nic ce babu. Tac ce, ko mutum guda? Nic ce ko guda. Sai tac ce to tana son zuwa."

Na runtse ido. Wato Inna ta daɗe da sanin ina jin kunyarta, har tana neman garin da ba wanda zai gan mu tare balle in ji nauyi. Haka na fassara maganar, kuma ta soke ni fiye da duk abin da Kabiru ya faɗa.

Na fito daga zauren ban san inda zan sa kaina ba. In shiga ɗakin, Inna za ta juya mini baya, don akwai mutane a gidan. In tafi, na tafi ke nan.

Sai na ji kukan saniya.

A bayan ɗakin Inna, daidai tagarta, aka ɗaure ta. Ita kaɗai ta rage daga garken Baffa mahaifina, baƙa wuluk, jikar waccan Balen ta yarintata, ita ma Bale ake ce mata. Na tsaya ina kallonta tana tuƙa. Ni malamar makaranta, da leshina da jakata, na tattare zani na tsuguna a cikin kashin shanu, na dafa wuyanta.

"Bale," na ce da ƙarfi, yadda za a ji ta taga. "Ina da saƙo."

Wanke-wanken Amina ya tsaya.

"Ki gaya ma wasu, ɗiyarsu ba ta da kirki. Ki ce ta sani. Ki ce ranar nan a bakin get ɗin makaranta... ta san ba mai tallan nono ba ce. Ta ga kuɗin cikin leda. Shekara tara tana son ta ce a yahe mata, girman kai ya hana ta..."

Kuka ya ci ƙarfina. Na kifa goshina a jikin saniyar.

"Ki ce mata ban iya zuwa ko'ina in ba da ita ba. Ki ce ta ɗauko ƙwaryarta, ni za ni ɗaukar mata a kaina! Bale, don Allah ki roƙa min ita..."

Bale ta kaɗa wutsiya ta ci gaba da tuƙarta. Na ji maƙwabtan nan sun yi tsit, na san gobe duk unguwar za ta ji labari, ban damu ba.

Can sai muryar Inna ta fito ta taga, a dishe.

"Bale."

Na ɗago.

"Gaya ma mai kukan nan ta yi shiru, ta tara min jama'a." Ta ja hanci. "Ki kuma tambaye ta, garin nan akwai gero? In babu, in tahi da nawa."

Dariya da kuka suka haɗe mini. Amina ta rangaɗa guɗa daga bakin rijiya, Inna ta daka mata tsawa.

Da na koma gida na ɗauki biro na rubuta "kujera uku" da manyan baƙaƙe. Kabiru ya karanta, ya kalli gefen leshina da ya ɓaci, ya toshe hanci.

"Zinariya, wane turare ne wannan?"

"Na gidanmu ne."

"To ya yi miki kyau," ya ce, ya jawo ni jikinsa duk da warin.

Sati biyu muka yi muna shiri. Umar ya kai Inna aka yi mata takardar ƙetare iyaka. Na ƙara yawan dambun, na mayar da hular ranar da na saya na karɓo wa Inna takalmi mai laushi. Muka biya Bungudu muka yi wa iyayen Kabiru sallama, mahaifiyarsa ta ba da ƙuli-ƙuli cike da leda. Ranar tafiya ni na ɗauki ƙwaryar a kaina tun daga gidanmu na Tudun Wada har tasha. Wata tsohuwar ɗalibata ta gan mu ta ce, "Malama, rakiya kika yi?" Na ce, "A'a, hutu za mu ni da mahaihiyata." Inna ta yi kamar ba ta ji ba, ta gyara lulluɓi.

Tafiyar kwana biyu ce, kuma ban taɓa ganin wahala irin ta surukai a mota ɗaya ba. Kabiru yana gaba, ko waiwaye ba ya yi. In zai ci cincin sai ya sunkuya kamar mai neman abu a ƙasa. Inna tana gefena ta juya fuska taga, duk garin da muka wuce sai ta tambayi gilashin motar sunansa, ni kuma in amsa wa gilashin.

Washegarin isarmu da hantsi muka tafi bakin teku.

Tun daga nesa muka ji rurinsa. Iska mai gishiri ta daki fuskata, ga kwakwa jere, ga masunta suna jan taru suna waƙa da yaren da ban sani ba. Ruwan kuwa ba shi da ƙarshe, ya tafi har ya haɗe da sama. Na riƙe hannun Inna saboda yashi, karo na farko a rayuwata, ba ta ƙwace ba.

"Bari in nemo muna kwakwa," in ji Kabiru. Ga mai kwakwa a gabanmu, amma ya wuce shi, ya yi ta tafiya har ya zama ɗan ɗigo.

"Inna, ga shi nan. Kina ganin shi?"

Ta ɗan kalle shi, kamar yadda ake kallon kayan da ba za a saya ba.

"Ruwa ne da yawa," ta ce. Ta waiga dama, ta waiga hagu. "Ya tahi?"

"Ya tahi."

"Waɗancan hwa?"

"Masunta ne, Inna. Ba su san mu ba."

"Ko mutum guda?"

"Ko guda." Na ƙara riƙe hannunta. "Inna, ko da sun san mu, ni ban jin kunyar..."

"Yi min shiru."

Sai ta juya wa tekun baya. Ta kama kafaɗuna ta juya ni, har rana ta haske fuskata sosai.

"Inna, ruwan yana bayanki."

"Na sani. Cire baƙin abin nan."

Na cire gilashin. Ta matso dab da ni, ta karkatar da kai ta ɓangaren idon da ya rage, ta ƙura mini shi. Ta kalli goshina, ta kalli hancina, ta kalli tabon da ƙaho ya yi mini ina shekara biyar. Yatsunta masu kaushi suna bin inda idon ya bi.

"Shekara talatin ina satar kallo," ta ce a hankali. "Ta bayan bukka, ta ƙarƙashin saniya. Can gida kowa ya san ke ce ta hwari. Nic ce in idon nan zai tahi, bari in je inda ba wanda zai ce na yi rashin kunya, in kalli abina in ƙoshi."

Ashe ba don kunyata ta nemi garin da ba a san mu ba. Don tata ce.

"Inna..."

"Kar ki yi kuka, kina ɓata min gani." Ta share mini hawayen da bakin zanenta baƙi, nata suna zuba ba ta kula ba. "Ashe da Baffanki kike kama. Ashe haka kike da kyau..."

Ta buɗe baki ta rufe, ta sake waigawa ta tabbatar ba kowa. Sannan ta faɗe shi a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ɓoyo.

"Bara'atu."

"Na'am, Inna!"

"Bara'atu..."

"Na'am!"

Sau bakwai ta kira, sau bakwai na amsa.

Da muka dawo Gusau, Malama Jamila ta ce in nuna mata hotunan teku. Na duba wayata kaf, guda ɗaya ne, Kabiru ya ɗauka daga nesa: mata biyu suna kallon juna, ruwan ma da ƙyar ya fito.

Idon Inna ya rufe bayan babbar Sallah. Yanzu duk Asabar ina Tsafe, kuma na koma "mutanen Gusau" kamar da. Amma in masu zuwa dubiya suka ce, "Allah sarki Inna, gara da kika ga teku kafin abin ya faru," sai ta yi murmushi ta juyo da fuskarta daidai inda nake zaune.

"Na gani," take cewa. "Wallahi na gani, na ƙoshi."